Risala a Kan Tankin Man Tsohon Jirgi da Mazaunansa Huɗu

Masana ƙirar jirgin sama sun kasa jirgi kashi biyu, wato sassan da ke motsi da sassan da ba sa motsi. Farfela tana juyawa, inji yana ruri, taya tana gangarawa, fiffike ma yakan ɗan rausaya idan iska ta taso masa. Tankin mai kuwa a zaune yake. Tun ranar da aka ɗaure shi a masana'anta ba a nemi komai a wurinsa ba sai ya riƙe abin da aka zuba masa, ya riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan ta ƙasa. Duk da ƙanƙantar wannan amana, an kafa dokoki a kanta, an buga littattafai, an raba takardun shaida, kuma har gobe akan sami jirgi a tsakiyar gonar masara, matuƙinsa a tsaye a gefe ya riƙe ƙugu. Saboda haka ya wajaba a yi wa tanki babi nasa.

Maganarmu ta taƙaita ne ga ƙananan tsofaffin jirage, irin waɗanda aka ƙera a Amurka da Ingila daga wajen 1930 zuwa wajen 1960, waɗanda dubbansu ke tashi har yanzu a hannun mutanen da jiragen suka girme su. Dattijon wannan dangi shi ne Piper J-3 Cub, ɗan rawaya mai kujera biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, wanda aka ƙera kusan 20,000 tsakanin 1938 da 1947, galibi a garin Lock Haven na jihar Fensilbeniya. Gangar jikinsa bututun ƙarfe ne da aka lulluɓe da yadi, injin da aka fi sa masa kuma mai ƙarfin doki 65 ne. Tankinsa yana cin galan 12, kimanin lita 45, an dasa shi a hancin jirgin, tsakanin inji da gwiwoyin mai zama a gaba, domin mai ya gangara kafireto da kansa ba sai da famfo ba. Idan matuƙi shi kaɗai ne, a baya yake zama saboda daidaita nauyi. Kujerar gaba ta baƙo ce, abin da ke nuna cewa magabata sun san darajar baƙo, tunda shi suka ba maƙwabtaka da fetur.

Tanbihi. Galan iri biyu ne, kuma ba sa ga maciji. Na Amurka lita 3.79 ne, na Ingila 4.55. Tiger Moth, jirgin koyon tuƙi mai fiffike hawa biyu da kamfanin de Havilland ya fitar a 1931, yana cin galan 19 na Ingila, wajen lita 86, kuma tankinsa yana can a tsakiyar fiffiken sama. Wato Ba'amurke ya ajiye wa baƙonsa fetur a cinya, Baturen Ingila ya ɗora wa nasa a ka. Wanda ya karanta littafin ɗaya ya auna da galan ɗin ɗaya, to ya shiga fasali na gaba ta ƙofar baya.

Fasali a kan abin da ke cikin tanki

Wanda bai yi nisa a karatu ba yakan ce mai ne a cikin tanki. Bincike ya tabbatar da mazauna huɗu.

Na farko shi ne man kansa. Wanda ake sayarwa yau sunansa 100LL, fetur ne mai ɗauke da sinadarin dalma, an rina shi shuɗi. A da akwai ja, akwai kore, akwai shunayya, kowanne da ƙarfinsa, sai kasuwa ta tace su ta bar shuɗin. Lita ɗaya tana da nauyin kilo 0.72. Rinin yana da fa'ida biyu: yana hana a rikita shi da kananzir ɗin manyan jirage, kuma idan ya tsiyaye ya bushe yakan bar tabo shuɗi a jikin fenti, wanda shi ne kaɗai shaidar da ba ta karɓar cin hanci a wannan fage.

Na biyu ruwa ne, na uku kuma tururin fetur gauraye da iska. Kowannensu zai sami fasalinsa.

Na huɗu shi ne man zato, wato man da ke cikin kan matuƙi amma ba ya cikin tanki. Siffofinsa abin yabo ne. Ba shi da nauyi, ba a biyan kuɗinsa, ba ya yoyo, ba ya kama wuta, ba ya cin roba. Aibinsa guda ne, inji ba ya shansa. Akan same shi ta hanyoyi sanannu: "jiya na cika", "ai ba nisa", "yaron famfo ya ce ya zuba", da kuma "kullum yana kai ni". Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka, NTSB, ta fitar da gargaɗi a 2017 inda ta ce tsakanin 2011 da 2015 ana samun haɗarin ƙananan jirage fiye da 50 kowace shekara saboda sha'anin mai, kuma waɗanda aka samu kayan aiki da laifi a cikinsu ba su kai kashi 5 cikin 100 ba. Saura duk na mutum ne. Hukumar ta raba musibar gida biyu: ƙarewar mai, inda babu ko ɗigo a jirgin, da yunwar mai, inda man yana nan tuli a tankin hagu amma an juya makunni zuwa na dama. Na biyun ya fi ciwo wajen bayani ga iyali.

Daga nan mai karatu zai fahimci cewa tanki yawanci wanda ake zargi ne, ba mai laifi ba. Amma da yake ba ya magana, shi ake kwancewa.

Fasalin ruwa da saɓanin da ke cikinsa

Ruwa ya fi fetur nauyi, kilo guda a lita, kuma ba sa gauraya. Don haka yakan sauka ƙasan tanki ya kwanta, daidai wurin da bututun inji yake ɗiba. Ba ya gaggawa. Yakan bari a tayar da inji, a gwada shi, a gangara titi, a ɗaga hanci sama, sannan ya taso ya shiga kafireto a lokacin da jirgi ya wuce ƙarshen titi bai kuma kai tsayin da za a yi shawara ba.

Masana sun yi saɓani kan inda ruwan yake fitowa. Mazhaba ta farko ta ce raɓa ce: tankin da ba a cika ba yana shaƙar iska mai laima da rana, dare ya yi sanyi, laimar ta zama ɗigo a bango. Mazhaba ta biyu ta ce murfi ne. Lissafi ya fi karkata ga ta biyu. Iskar da ta ƙoshi da laima a zafin digiri 30 tana ɗauke da ruwa kimanin gram 30 a kowace lita 1,000, saboda haka ko da tankin Cub wayam yake, duk laimar da ke cikinsa ba ta cika gram ɗaya da rabi ba. Sai an yi watanni ana shaƙa ana fitarwa kafin ta taru ta zama abin magana. Murfin da zoben robarsa ya tsage kuwa, musamman irin wanda ke kwance a ɗan rami a bayan fiffike, yana iya shigar da kofi guda a ruwan sama na dare ɗaya. Duk da haka mazhabar raɓa ta fi mabiya, domin ita ba ta bukatar a sayi zoben roba, laifin na yanayi ne.

Maganin abu ne mai sauƙi. A ƙasan yawancin tankuna da ƙasan matatar mai akwai ɗan famfo, sai a tsiyaye kaɗan a kofi mai haske kafin kowane tashi, a ɗaga shi a duba. Idan an ga ƙwallaye suna birgima a ƙasa, ruwa ne, a ci gaba da tsiyayewa. Idan an ga abin garau babu ƙwallo ko ɗaya, a dakata da murna, a duba launi a shinshina, domin kofin da ruwa ne zalla shi ma garau yake. Jirgi mai ƙaramar taya a wutsiya, irin su Cub, yana da ƙarin mas'ala: a ƙasa zaune yake hanci sama, don haka ruwa yana taruwa a bayan tanki, a sama kuwa jirgin ya miƙe, ruwan ya canja unguwa. Sabbin Cessna 172 da aka koma ƙerawa a ƙarshen shekarun 1990 an yi musu wuraren tsiyaya 13, biyar a kowane fiffike, uku a ƙarƙashin ciki. Wannan ya rage haɗari ta fuska biyu, ta biyun ita ce kafin a gama tsiyayewa sau da yawa hadari ya taso an fasa tafiyar.

Fasalin geji

Gejin man Cub shi ne mafi gaskiya da ɗan Adam ya taɓa ƙerawa, kuma ko shi ba a ba da shaida a kansa. Ɓawon itace ne mara nauyi, irin wanda ake toshe kwalba da shi, an soke shi da waya, wayar ta ɓullo ta tsakiyar murfin tanki a gaban gilashi. Ɓawo yana yawo a kan mai, waya tana tsaye a gaban idon matuƙi. In ta yi tsawo, akwai mai. In ta gajarta tana rawa, akwai saura. In ta daina rawa, to lokacin neman fili ya yi, ko ma ya wuce.

Ƙaryar wannan geji iri biyu ce. Akwai ƙarya mai amfani, inda ɓawo ya tsufa ya sha mai ya nutse, waya ta ce babu alhali akwai, matuƙi ya sauka da wuri yana gunaguni. Akwai ƙarya mai cutarwa, inda wayar ta ɗan lanƙwashe ta maƙale a ramin murfi, ta tsaya ƙyam tana shelar wadata har injin ya yi shiru. Magabata sukan shafe ɓawon da shalak, wani ƙaro da wani ɗan ƙwaro ke fitarwa a itatuwan Indiya, domin fetur ba ya narka shi. Abin da ke narka shi shi ne barasa. To tun 1982 aka fara ba wasu tsofaffin jirage izinin shan fetur ɗin mota, bisa sharaɗin babu itanol a ciki, sai kuma yawancin gidajen man Amurka suka koma sayar da mai kashi 10 cikin 100 na itanol. Wanda ya zuba shi bai duba ba, shalak ya narke ya bi bututu, tiyon roba ya kumbura, ɓawo ya nutse. Gwajinsa ba ya bukatar ɗakin bincike: a zuba ruwa kaɗan a kwalba a yi masa alama, a cika da fetur, a girgiza, a bari ya kwanta. Idan ruwan ya haura alama, to ya jawo barasa daga cikin man.

Jiragen da suka zo daga baya an sa musu geji mai allura da lantarki, wanda ya kawo ci gaba, domin yanzu ana iya yin ƙaryar daga nesa. Dokar ƙira ta ce a saita geji ya nuna sifili idan abin da ya rage shi ne man da inji ba zai iya zuƙa ba, jirgi yana tafiya a miƙe. Daga wannan matuƙa suka ciro fatawar cewa geji sau ɗaya kacal aka wajabta masa faɗin gaskiya, wato ranar da gaskiyar ba ta da sauran amfani. Fatawar ba ta inganta ba, don akwai wata dokar da ta ce dole kowane tanki ya kasance da gejin da ke nuna abin da ke cikinsa, amma ta yaɗu saboda ta dace da abin da ido ke gani. Abin da malaman tuƙi suka haɗu a kai shi ne sanda da agogo. A ajiye jirgi a wuri mai daidai, a zuba mai galan-galan ana tsoma sanda ana yi mata zane, ta zama ma'auni. Sannan a san abin da inji ke sha, Cub wajen galan 4 a awa, a duba agogo lokacin tashi. Doka ta ce da rana a tanadi rarar minti 30. Gani ya kori ji.

Fasalin jinsunan tanki da cututtukansu

Jinsi na farko tankin ƙarfe ne da ake iya cirewa. Na tsofaffin Cub farantin ƙarfe ne da aka shafe da dalma da ɗan kuza, aka liƙe gaɓoɓinsa da dalma. Cutarsa tsatsa ce, kuma daga ciki take ci, a daidai inda ruwa ke kwanciya, ta yadda waje yana sheƙi ciki ya zama rariya. Na alminiyum, irin na fiffiken Cessna 140 da 172, ba ya tsatsa irin wannan, sai dai ya tsage a wajen walda ko a wuyan zuba mai, inda ake jingina bakin famfo shekara da shekaru. Akwai kuma ɗamarar da ke riƙe tanki, wadda ake sa wa shimfiɗa mai laushi. In shimfiɗar ta cinye, ƙarfe ya riƙa gugar ƙarfe da kowace girgizar inji, a hankali, ba wanda ya ji, har rami ya ɓullo a wurin da ba a ganinsa sai an sauke tankin. Cewa "ana iya cirewa" kuma magana ce ta littafi. A aikace, tankin ne aka fara ajiyewa sannan aka gina jirgin a kewayensa.

Jinsi na biyu jakar roba ce da aka cusa a cikin fiffike, kamar a tsofaffin Cessna 180 da 182. Ana naɗe ta a tura ta wata 'yar kafa, sannan bakanike ya zura hannu har kafaɗa yana lalube yana maƙala maɓallanta ba tare da ya ga abin da yake yi ba. Roba tana son zama a jiƙe. In an bar ta babu mai sai ta bushe ta tsattsage, shi ya sa littattafan gyara suka ce in za ta daɗe wayam a shafe cikinta da man inji mai tsabta. In kuma ta tsufa sai ƙasanta ya yi tamoji, kowane tamoji ya zama madatsar ruwa, a tsiyaye a ga shuɗi garau alhali ruwa yana ɓoye a baya. A 1984 hukumar sufurin jiragen sama ta Amurka, FAA, ta fitar da umarni a kan waɗannan jirage, wanda a cikinsa har da girgiza fiffike sama da ƙasa kafin a sake tsiyayewa. Wanda ya ga dattijo mai furfura ya kama bakin fiffike yana jijjiga jirgi da asuba, kada ya zaci fushi ne. Bin doka yake yi.

Jinsi na uku shi ne rashin tanki. A jiragen Mooney na garin Kerrville a Teksas, fiffiken ne da kansa aka toshe gaɓoɓinsa aka zuba mai a ciki. An rage nauyi, an ƙara wuri, an kuma mai da kowace ƙusar ribit ƙofar da ke jiran ranarta. Abin da ke toshe su wani danƙo ne mai warin ƙibiritu, wanda asalinsa kuskure ne. A 1926 wasu masana sinadarai biyu, Joseph Patrick da Nathan Mnookin, suna neman maganin hana ruwan lagireto daskarewa, sai suka samu wani abu mai ɗoyi da ya toshe musu magudanar wanke kaya, kuma duk sinadarin da suka zuba ya ƙi narka shi. Da suka gaji sai suka lura cewa abin da babu mai narka shi abin sayarwa ne. Shi ne har yau. Yana shekaru yana aiki, sannan zafin rana da saukar gaggawa su sa ya fara saki. Gyaransa na haƙiƙa shi ne a buɗe 'yan ƙofofin fiffike, a kankare tsohon danƙo kaf da abin kankara na roba, ba na ƙarfe ba don kada a ji wa alminiyum rauni, a wanke, a shafa sabo. Aiki ne na makonni ta ramin da hannu ɗaya kawai ke shiga, da madubi, da wari. Masu yinsa ba su da yawa, kuma ana gane su a taro.

Fasalin darajojin yoyo

Yoyo ba ɗaya ba ne, yana da martabobi huɗu, kuma littafin koyar da makanikai na FAA ya tsara yadda ake ba kowanne muƙaminsa. A goge wurin ya bushe, a jira minti 30, a dawo da abin awo. Idan jiƙar ba ta kai faɗin kashi uku cikin huɗu na inci ba, tabo ne. Daga nan zuwa inci ɗaya da rabi, tsattsafa. Daga nan zuwa inci 4, tsattsafa mai ƙarfi. Abin da ya wuce haka har yana ɗiga, yoyo ne mai gudu, kuma hukuncinsa a fili yake: da muguwar rawa gara ƙin tashi. Ƙananan martabobin akan yi musu alama a ci gaba da lura idan a waje suke inda iska ke bugawa. Idan a rufaffen wuri ne inda tururi ke taruwa, ko kusa da salansa, ƙarami ma babba ne. An lura cewa mai jirgi yakan auna da ido ya samu tabo, bakanike ya auna da abin awo ya samu tsattsafa, wuri ɗaya, rana ɗaya.

Neman ramin shi ne wahala, domin inda mai ya ɓullo ba nan ya fito ba. Yakan bi gaɓa ya yi tafiyar kamu biyu kafin ya nuna kansa. Bakaniken bakin titi, in tankin babur ya huje, yakan goga masa sabulu ya ce a je a dawo, kuma sau da yawa ana zuwa a dawo, don fetur ba ya narka sabulu. A jirgi ma ana amfani da sabulu, amma an rage masa muƙami daga likita zuwa mai ba da shaida. A zubar da mai, a toshe kafofi, a hura iska kaɗan, a shafa ruwan sabulu a gaɓoɓi, inda ya yi kumfa nan ne. Kalmar "kaɗan" a nan tana da nauyi. Matsin da doka ke gwada sabon tankin ƙarfe da shi fam 3.5 ne a kan murabba'in inci, wajen kashi ɗaya cikin tara na iskar tayar mota, kuma a gyara ƙasa da haka ake sawa. Wanda ya jona injin iska kai tsaye zai ji ƙara ɗaya, ya samu tanki mai siffar da ba ta shiga jirgin. Wasu sukan ɗaura balan-balan a bakin kafa su bar shi ya kwana, in ya saki akwai yoyo. Sai dai sanyin dare ma yana sa shi ya saki, kuma an sha kwana uku ana farautar ramin da babu shi.

Fasalin wuta

A nan ne hankali ke rabuwa da ilimi. Hankali yana cewa cikakken tanki shi ne abin tsoro, wanda aka zubar kuma lafiya lau. Ilimi ya ce tururin fetur yana kamawa ne idan yawansa a cikin iska yana tsakanin kashi 1.4 da 7.6 cikin 100. A saman man da ke cikin rufaffen tanki tururin ya yi yawa, iskar ba ta isa ba. A tankin da aka zubar aka bari ya ɗan sha iska, gaurayen ya yi daidai. Fetur da bai cika cokalin shayi ba ya isa ya shirya tankin lita 45. Ana zaton wuta a maƙera, sai ta tashi a masaƙa.

Tankin da ya yi shekara a rataye ba ya wari ma ba a amince masa ba, saboda ragowar mai tana maƙale a ninkin gaɓoɓi, zafin walda ne ke tashinta. Ƙa'ida ita ce a wanke da ruwan zafi da sabulu, a tura tururin ruwa ya daɗe yana ratsawa, sannan a cika tankin da iskar da ba ta ƙonewa, kamar agon, a bar ta tana kwarara har a gama. Na dalma akan liƙe shi da ƙarfen da aka zafafa a can nesa, a kuma wanke ruwan asid ɗin liƙi tas, in ba haka ba shi zai haƙa rami na gaba. Lokacin zubar da mai a haɗa jirgi da bokitin ƙarfe da waya, domin mai mai kwarara yana tara lantarki a jikinsa, tartsatsi ɗaya ya isa. Amma shan dattin tanki da injin sharar ɗaki, wanda ke zuƙo tururi ya bi da shi ta kan injin lantarki mai tartsatsi, wannan ba a samu wanda ya yi shi sau biyu ba balle a tambaye shi ra'ayinsa.

Mas'aloli biyu ƙanana

Ta farko, ruwan liƙi da ake zubawa a cikin tanki a jujjuya shi ya shafe bango. Yana toshe ƙananan ramuka nan take, mai jirgi ya yi ta yabon kimiyya. Bayan shekaru sai ya fara saɓulewa falle-falle, fallen ya je ya lulluɓe 'yar rariyar da ke bakin bututu. An toshe ramin da ba a so, an kuma toshe wanda ake so. Garin neman gira an rasa ido.

Ta biyu, zanzaro. Kowane tanki yana da kafar shan iska, don in mai ya fita dole iska ta maye gurbinsa. Faɗin kafar ya yi daidai da abin da zanzaro ke nema na gina ɗaki, kuma jirgin da ke zaune mako da mako a rumfa unguwa ce mai kwanciyar hankali. Ya kawo laka ya toshe. Injin zai tashi lafiya, ya yi minti goma ko ashirin yana zuƙa, sannan mai ya tsaya, ko famfo ya tsotse tankin har ya lotse. Ƙwaron da bai kai gram ɗaya ba ya saukar da jirgi, ba shi da lasisi, ba a kuma taɓa gurfanar da shi ba.

Game da takarda, doka ta yarda mai jirgi ya wanke matatar mai da hannunsa. Gyaran tanki kuwa sai bakanike mai lasisi, babban gyara sai an cika fom mai lamba 337, kuma duk shekara sai an yi wa jirgin binciken ƙwaƙwaf. Tankin da aka gyara ba a rubuta ba, a idon doka yana nan yana yoyo.

Fasalin wanda ya saɓa wa jama'a

Ba a rufe wannan babi sai an ambaci Douglas Corrigan, domin ba jahili ba ne. Yana cikin makanikan kamfanin Ryan a San Diyego da suka harhaɗa jirgin Charles Lindbergh a 1927, wanda ya ɗauki galan 450 daga Niyu Yok zuwa Faris, babban tankinsa a gaban matuƙi ya tare hanya har sai da aka yi masa madubin leƙe. Corrigan yana cikin waɗanda suka ɗaura tankunan. Daga baya ya sayi tsohon Curtiss Robin ƙirar 1929, ya cusa masa tankuna, ya nemi izinin ƙetare Atlantika, hukuma ta duba jirgin ta hana.

A Yulin 1938 ya taso daga Kalifoniya zuwa Niyu Yok, kafin ya iso tanki ya fara yoyo. Ya ga gyara zai ci lokaci, ya bar shi. Ranar 17 ga wata da asuba ya tashi da galan 320, a takarda zai koma Kalifoniya, sai jirgin ya nufi gabas. Bayan wajen awa 10 ya ji ƙafafunsa sun yi sanyi, ya duba ya ga fetur kwance a daɓen jirgin. Bisa martabobin da muka ambata, wannan ya wuce inci 4. Sai ya ɗauki sukundireba ya huda daɓen, a ɓangaren da ba na salansa ba, don man ya zube nesa da zafi. Wato ya yi maganin rami da rami. Sannan ya ƙara wa inji wuta, bisa hujjar cewa man da zai zube gara a ƙone shi.

Bayan awa 28 da minti 13 ya sauka a filin Baldonnel kusa da Dablin a ƙasar Ailan, ya ce kamfas ya karanta a juye, kuma bai sauya wannan magana ba har ya rasu a 1995. Hukuma ta aika masa doguwar waya ta jera dokokin da ya karya, ta dakatar da lasisinsa kwana 14. Shi da jirgin suka dawo a jirgin ruwa, suka iso Niyu Yok ranar 4 ga Agusta, ranar da hukuncin ya ƙare.